Yaro Ɗaya, Burin Gari Guda: Nazarin Nauyin da Magoya Baya ke Ɗora wa Sabon Ɗan Gaba

A kakar wasa ta 2009/2010, wani yaro ɗan shekara 17 ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a gasar Firimiyar Nijeriya, ya karya tarihin ƙwallo 17 da Ishaya Jatau ya kafa tun 1990. Yaron shi ne Ahmed Musa. Shekarar 2010 ba ta ƙare ba sai da ya koma VVV-Venlo ta ƙasar Holan, daga can CSKA Moscow, daga can Leicester, ga kuma ƙwallo biyu a ragar Ajantina a 2014 da wasu biyu a ragar Iceland a 2018. Tun daga lokacin, duk yaron da ya ɓullo a wata ƙungiyar Arewa da gudu da ƙafar ci, da wannan ma'aunin ake auna shi, ko an ambaci sunan Ahmed Musa ko ba a ambata ba.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne irin ƙungiyar da yaron ya tarar. Pillars ta ɗauki kofin gasar a 2008. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ashe gida ya samu a gine, da 'yan tsakiya da suka san inda za su ajiye masa ƙwallo, da 'yan baya da ba sa bari a ci su da wuri har a shiga neman ramuwa ido rufe. Magoya baya sun riƙe adadin 18, sun saki mutum goman da aikinsu ya haifi 18 ɗin. Wannan mantuwa ita ce abin da nazarin nan zai bi: yadda mai kallo ke tattara duk burinsa na ganin raga tana motsi ya ɗora a kan sabon yaro guda, daga ina burin ke fitowa, da abin da yake jawo wa yaron da ƙungiyarsa. Na tsaya a Batsari da Safana ne domin a can tazarar da ke tsakanin ƙwallon da ido ke gani da ƙwallon da baki ke yanke wa hukunci ta fi fitowa fili.

Inda ake ƙera burin

Batsari da Safana ba su da ƙungiya a babbar gasa. Ƙungiyar ƙwararru da ta zama tasu ita ce Katsina United, wadda ke wasa a filin Muhammadu Dikko da ke birnin Katsina, filin da har yanzu mutane da yawa ke kira Karkanda. Nisan ba wani abin a zo a gani ba ne, amma wasan gasar Nijeriya yawanci ƙarfe huɗu na yamma ake take shi, a tashi ana shirin sallar Magariba. Mutumin Ruma ko Wagini ko Runka ko Zakka da ya je kallo, komawarsa gida za ta faɗa cikin duhu, a hanyoyin da ke gefen dajin Rugu, kuma shekarun da yankin ya kwashe yana fama da 'yan bindiga sun koya wa kowa lissafin hanya kafin lissafin nishaɗi. Saboda haka mafi yawan masu goyon bayan Katsina United a waɗannan garuruwa ba sa ganin minti casa'in ɗinta. Abin da ke iso musu shi ne sakamako a rediyo, ko ɗan guntun bidiyo a Facebook da WhatsApp, wanda kusan kullum na ƙwallon da aka ci ne ko wadda aka ɓarar.

Ƙwallon da suke gani daga farko har ƙarshe, mako bayan mako, na Turai ne. Wanda ya taɓa zama a gidan kallo ya san yadda abin yake: rumfar kwano, bencina a jere, allo a ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli, janareta na ruri a baya, mai gida na tsaye da canji a hannu, 'yan Arsenal a gefe guda, 'yan Manchester a ɗaya gefen suna jiran abin tsokana. A nan idon matashi ke koyon mene ne hari mai kyau. Yana koya ne a kan ciyawar da aka shayar aka aske, da 'yan wasan da suka shekara suna atisaye tare, da fasin da ke zuwa daidai ƙafa. Ran da aka sako sabon yaro ya yanke mutum biyu, kafin a dawo da hoton a hankali an riga an yanke hukunci: "Wallahi yaron ga wuta ne." Bayan mako uku bai ci ba, bakin da ya yabe shi ne zai ce, "Malam, ai kwantai aka sayo muku."

Talabijin kuma tace labari yake yi. Yaran da ke isa gaban kyamara su ne ƙalilan ɗin da suka tsallake siraɗi. An ga Marcus Rashford yana ɗan shekara 18 ya ci biyu a wasansa na farko a Fabrairun 2016, bayan kwana uku ya ƙara biyu a ragar Arsenal. An ga Lamine Yamal ya shiga wa Barcelona a Afrilun 2023 yana ɗan shekara 15, shekara ta zagayo ya ɗauki kofin Turai da Sifaniya. Dubban sa'o'insu da suka shiga wasa biyu aka mayar da su benci, ba mai nuna su, domin ba labari ba ne. Idan mutum ya shekara goma yana ganin waɗanda suka dace kawai, dole ya ɗauka cewa haka yaro mai baiwa ke farawa, wanda bai fara haka ba kuwa ba shi da ita. Ko a Barcelona ɗin, akwai ɗaya fuskar. Bojan Krkic ya ci 10 a La Liga a kakar 2007/2008 yana ɗan shekara 17, aka ce sabon Messi ya zo; daga baya shi da bakinsa ya bayyana cewa ciwon firgici ne ya hana shi zuwa gasar Turai ta 2008. Ansu Fati ya gaji lamba 10 a 2021 bayan tafiyar Messi, alhali gwiwarsa ba ta gama warkewa daga raunin Nuwamban 2020 ba, ya ƙare ana ba da aron sa.

Akwai kuma abin da gidan kallo ba ya bayarwa, sai filin gari. A filin makarantar firamare, kan rairayi, ranar wasan kofin da wani ɗan siyasa ko mai hali ya saka, kowane gari yana da yaronsa. Kowa ya san gidansu, ya san mahaifinsa, ya san ko faci yake yi ko acaɓa. Idan ya karɓi ƙwallo, yaran da ke kan katanga su ne ke fara ihu. Idan aka ji labarin an kai shi gwaji Katsina ko Kano, burin da ake yi masa ya wuce na ƙwallo. A yankin da gonaki da yawa suka yi shekaru ba a iya zuwa nomansu, shanu suka salwanta, yaron da ke da ƙafa hanya ce ta fita ga gida guda, wani lokaci ga dangi guda. Ana kuma so a ji sunan garin a rediyo a labarin da ba na hari ba. Wannan buri ba abin raini ba ne. Sai dai nauyinsa ya fi ƙarfin wuyan ɗan shekara 18.

Ita kanta Katsina United ƙishirwarta ta daɗe. Sau uku a jere, 1995 da 1996 da 1997, tana kai wa wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale ana doke ta. Ta ɓace daga babbar gasa shekaru masu yawa, ta dawo a kakar 2017, ta faɗi a 2022, ta sake hawowa a 2023. Ba ta taɓa ɗaukar kofin gasar ba. Ƙungiyar da ke da irin wannan tarihi, magoya bayanta mai ceto suke jira, kuma mai ceto a ƙwallo kullum a gaba ake neman sa. Ban taɓa jin an taru ana murnar an samo sabon lamba biyu ba.

Abin da lissafi ke faɗa

Farko a dubi iyakar abin da gasar Nijeriya ke iya bayarwa. Tarihin Ahmed Musa shekara guda ya yi, Jude Aneke ya ci 20 a 2011. Mfon Udoh na Enyimba ya ci 23 a 2014, kuma nan abin ya tsaya. A yawancin kakanni, 17 zuwa 19 ke ba mutum takalmin zinare: Gbolahan Salami 17 a 2015, Godwin Obaje na Wikki 18 a 2016, Anthony Okpotu 19 a 2017, Junior Lokosa na Pillars 19 a 2018. A ajiye waɗannan kusa da 36 da Erling Haaland ya ci a Firimiyar Ingila a 2022/2023, ko 50 da Messi ya ci a La Liga a 2011/2012. Mai kallon da ya saba da waɗancan, idan ya ji sabon ɗan gaban ƙungiyarsa ya ci takwas a kaka, sai ya taɓe baki, alhali a gasar gida takwas daga yaron da bai taɓa buga ta ba abin a yaba ne.

Na biyu, ƙwallo wasa ne da ci ke da wuya a cikinsa, kuma duk abin da ke aukuwa jefi-jefi, sa'a na da babban rabo a cikinsa idan aka duba gajeren lokaci. A manyan gasanni, kusan bugu ɗaya cikin goma ne ke shiga raga. Mu yi lissafin misali. A ɗauka ɗan gaba yana samun bugu biyu a kowane wasa, kuma da yake gwani ne, ɗaya cikin bakwai na bugunsa ke shiga. A wasa 38 zai tashi da kusan ƙwallo 11, wanda ya isa a sa shi cikin na gaba-gaba a gasar Nijeriya. To wannan yaron, ba tare da komai ya same shi ba, ba ciwo, ba asiri, ba lalaci, idan aka ɗauki kowane wasa biyar a jere, akwai damar kusan ɗaya cikin biyar ya fita bai ci ko ɗaya ba. A tsawon kaka, da wuya irin wannan fari bai riske shi ba. Idan ya zo a tsakiyar kaka bayan ya riga ya ci shida, sai a ce ƙafarsa ta yi sanyi, za ta dawo. Idan ya zo a wasanni biyar na farko, shi ke nan, an gama da shi. Yaro ɗaya ne, baiwa ɗaya, abin da ya bambanta kawai jerin da sa'a ta zo.

Masana halayyar ɗan Adam biyu, Amos Tversky da Daniel Kahneman, sun nuna tun 1971 cewa mutane, har da masu bincike da suka san lissafi, suna gaskata ƙaramin samfuri fiye da yadda ya cancanta. Mu kan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A harkar ɗan gaba, Laraba ta sha yin ƙarya. Thierry Henry ya buga wasa takwas na farko a Arsenal a 1999 bai ci ba. Rasmus Hojlund, wanda Manchester United ta saya yana ɗan shekara 20, ya yi wasa 14 na Firimiya ba ci, ya buɗe da Aston Villa ranar 26 ga Disamban 2023, ya ci a wasa shida a jere, sannan kaka ta gaba ya sake bushewa. Wanda ya yanke masa hukunci a Nuwamba da wanda ya yanke a Fabrairu duka sun yi gaggawa.

Na uku, kuma shi ne ya fi muhimmanci, ɗan gaba shi ne ƙarshen sarƙa. Chris Anderson da David Sally, a littafinsu The Numbers Game na 2013, sun kafa hujja cewa a ƙwallon ƙafa raunin ɗan wasa mafi rauni ya fi tasiri a kan sakamako fiye da ƙarfin gwanin ƙungiya. Kafin ƙwallo ta iso wa lamba tara a inda zai iya ci, ta bi ta ƙafa huɗu ko biyar, kuma kowace ƙafa na iya ɓata ta. Guntun bidiyon da ke isa Safana daƙiƙa goma na ƙarshe yake nunawa. Ba ya nuna cewa sau biyu kacal aka ba yaron ƙwallo a cikin da'ira duk wasan, ko cewa dogayen ƙwallaye ake ta cilla masa sama tsakanin ƙarti biyu da suka girme shi da shekara goma.

Wurin da aka fi nazarin wannan matsala shi ne ƙwallon Amurka, wanda ake yi da hannu. A can kowane hari daga hannun mutum guda yake farawa: shi ke karɓar ƙwallo, ya karanta tsayuwar abokan hamayya, ya jefa, yayin da mutum biyar ke tsaye gabansa suna kare shi. Tsarin gasar NFL kuma ya tanadi cewa ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi ita ke fara zaɓar sabon ɗan wasa daga jami'o'i. Ma'ana, yaron da ya fi kowa baiwa yakan faɗa ƙungiyar da ta fi kowa lalacewa, garin da ya fi kowa ƙishirwa. A 2002 sabuwar ƙungiyar Houston Texans ta ɗauki David Carr a zaɓin farko ta jefa shi fili nan take. Masu kare shi ba su da ƙarfi, aka kayar da shi da ƙwallo a hannu sau 76 a kaka guda, adadin da ya zama tarihi, kuma bai taɓa zama abin da aka zata ba. Peyton Manning a kakarsa ta farko, 1998, abokan hamayya sun cafke jifansa 28, ƙungiyarsa, Indianapolis, ta ci wasa 3 ta faɗi 13. Indianapolis ta daure, shekara ta gaba ta ci 13 ta faɗi 3. Patrick Mahomes kuwa Kansas City ta zaunar da shi kusan duk kakar 2017 a bayan Alex Smith, wasa ɗaya tak ya fara. A 2018 ya yi jifa 50 da suka kai ga ci, aka zaɓe shi gwarzon gasar. Manomin Batsari ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan: ba a ɗaura wa ɗanyen sa garma shi kaɗai, da tsohon san huɗa ake haɗa shi har ya koyi bin kunya.

Namu misalan ba su bambanta ba. Victor Osimhen ya ci 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Chile a 2015. Ya je Wolfsburg a farkon 2017, ya yi shekara ɗaya da rabi bai ci ko ɗaya ba, ga rauni ga zaman benci. Aka ba da aron sa ga Charleroi ta Beljiyam, inda aka riƙa sa shi kowane mako, ya ci 20 a kaka guda. Sai Lille, sai Napoli, sai ƙwallo 26 da kofin gasar Italiya a 2023, sai gwarzon Afirka. Da a Wolfsburg aka rufe littafinsa, da yau ana lissafa shi cikin waɗanda suka yi tashen balaga suka ɓace.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Rabi'u Ibrahim, haifaffen Kano, lamba 10 na tawagar da Yemi Tella ya kai ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 a Koriya ta Kudu a 2007. Tun kafin ya dawo gida an naɗa shi magajin Okocha. Ya je Sporting ta Lisbon, ya je PSV, ya je Celtic, bai samu gurbi ba. A Sulobakiya ya zauna da gindinsa, a Trencin da Slovan Bratislava, ya ɗauki kofunan gasar ƙasar, ya ci abinci da ƙwallo shekara da shekaru. Ga duk yaron da ke buga rairayi a Safana, wannan rayuwa ce da zai karɓa hannu bibbiyu. Amma idan sunansa ya faɗo a hira, da "Allah sarki" ake rakiyar sa, domin da Okocha aka auna shi tun ranar farko.

Filin gida da tarkonsa

A gasar Nijeriya akwai ƙarin nauyi. Cin wasa a waje abu ne mai wuya, dalilan kuma sanannu ne: tafiyar mota ta fiye da kilomita 1,000 daga Katsina zuwa Fatakwal ko Uyo, filayen da ba su da kyau, da tsohon ƙorafi kan alƙalanci. Tun da maki a gida ake tara su, wasan gida ba ya karɓar canjaras. Minti sittin ba ci, 'yan kallo sun fara tsaki, kuma wanda ya ɓarar da dama ta ƙarshe shi ido ke kai. Jennifer Butler da Roy Baumeister sun yi gwaje-gwaje da aka buga a 1998, suka gano cewa idan aiki mai wuya ne, mutum ya fi yin kuskure gaban masu goyon bayansa fiye da gaban waɗanda ba ruwansu da shi, domin tsoron ba su kunya na sa shi taka-tsantsan da abin da jikinsa ya saba yi ba tunani. Tsohon hannu ya saba da wannan zafi. Sabon yaro, musamman ɗan gida wanda 'yan garinsu suka yi karo-karon kuɗin mota suka zo, daƙiƙar da zai yi yana tunanin kada ya ɓarar ita ce daƙiƙar da ɗan baya ke ƙwace ƙwallon.

Inda rashin haƙuri ke kaiwa, an gani a Afrilun 2022 a filin Sani Abacha, wasan Kano Pillars da Katsina United. Lokaci na tafiya ba ci, 'yan kallo suka kutsa fili, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasar ta rage wa Pillars maki uku, ta ci ta tara, ta mayar da wasanninta na gida Abuja. Kaka ta ƙare, ƙungiyoyin biyu duka suka faɗi ƙaramar gasa. Masu son ci ko ta halin ƙaƙa sun taimaka wajen hana kansu kallon babbar gasa shekara guda.

Ga kuma tarkon da ba a cika magana a kai ba. Mai goyon baya na mafarkin a gina hari a kan yaron nan shekara biyar, amma tsarin gasar bai yarda da haka ba. Idan yaron ya gaza a zagayen farko, a sallame shi a tsakiyar kaka, domin koci ma kujerarsa rawa take yi, kuma galibin ƙungiyoyin na gwamnatocin jihohi ne da ke son sakamako yau. Idan ya yi fice, ya tafi. Ahmed Musa kaka ɗaya ya yi wa Pillars kafin ya tafi Holan, abin da ya jinkirta shi ma dokar FIFA ce da ta hana sayar da ɗan ƙasa da shekara 18 zuwa wata ƙasa. Lokosa, wanda ke da gogaggen ɗan tsakiya Rabi'u Ali a bayansa, ya ci 19 a 2018, farkon 2019 yana Esperance ta Tunisiya. Ta kowace fuska, kaka ta biyu, wadda a cikinta ne yaro ke fara gane abokan wasansa su ma su gane shi, ba kasafai ake ganin ta ba. Kowace shekara sabuwar tawaga, sabon ɗan gaba, sabon buri daga tushe.

Tafiyar tasu ma da za ta iya amfanar ƙauye, da an yi tanadi. Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayar da ɗan wasa tsakanin ƙasashe domin ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Amma sai ƙungiyar da ke da rajista, wadda sunanta ke cikin takardun yaron, ke da haƙƙin nema. Kocin unguwa da ya shekara biyar yana saya wa yaro ruwan leda da takalmin gwanjo daga aljihunsa, idan ba rajista, addu'a kawai zai samu.

Kada a ɗauka ina cewa mai kallo ya yi shiru. A ƙungiyar da ba ta da masu hannun jari, kuɗinta daga baitulmali yake fitowa, hayaniyar magoya baya ita ce kusan kaɗai abin da ke tayar da shugabanni daga barci. Kuma gaskiya ne cewa koci mai tsoron kora ya fi son tsohon ɗan wasa da ya zagaya ƙungiya shida; sau da yawa ba don matsin 'yan kallo ba, da yaran ba za su taɓa taka fili ba. Burin yana da amfani. Inda yake sauka ne kuskure. Wanda ya fi kowa ƙarancin iko a ƙungiya, mafi ƙarancin albashi da shekaru, wanda bai sayi kowa ba, bai tsara atisaye ba, bai riƙe kuɗin alawus ɗin kowa ba, shi ake tuhuma idan raga ba ta motsa ba.

Akwai tambayoyin da suka fi "ya ci ko bai ci ba" amfani, kuma ko daga rediyo ana iya bibiyar wasunsu. Minti nawa ake ba yaron, kuma a gurbi ɗaya ake barin sa ko yau gefe gobe tsakiya? 'Yan tsakiyar da ke ba shi ƙwallo, su ne na bara ko an sake su duka? Akwai gogaggen ɗan gaba kusa da shi da zai ɗauke masa ɗan baya guda, ya kuma ɗauki fenariti ranar da fili ya yi zafi? Kwantiraginsa na shekara nawa ne? Ƙungiyar da ta ba yaro shekara ɗaya ta riga ta faɗa cewa ba ta da niyyar jiran sa. Amsar waɗannan duka tana ofishin shugaban ƙungiya da na koci.

Saboda haka ga masu zama a bencin gidan kallo a Batsari da Safana, da masu kiran waya a shirin wasanni na rediyo: idan Katsina United ta fito da sabon yaro a gaba, ku ba shi kaka guda cur kafin ku yanke masa hukunci, ƙwallo takwas zuwa goma kuma ku ɗauke ta a matsayin nasara. Zafin da kuke da shi ku kai shi ga waɗanda ke sauya tawaga kowace shekara. Masu ƙungiyoyin unguwa kuma su je hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha su yi rajista, su rubuta sunayen yaransu tun suna shekara 12.